Ranar da Yaya Ya Ɗauko Magagari

Yayana makanike ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, kuma aƙidarsa ɗaya ce: babu ƙarfen da ba ya shiga ɗan'uwansa, sai dai usta, wato ogan aiki, bai iya ba. Ya taɓa dasa injin wata mota a cikin wata, ta yi doguwar tafiya har garin Madani, don haka ba a yi masa musu a gidanmu.

Shekarar da na shiga jami'a, kawunmu ya aiko min da furosesa daga Jidda, ɗan ƙarfen da ake ce wa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Na haye gada daga Umdurman zuwa kasuwar Suk al-Arabi, na sayo madabod, allon da ake dasa komai a kansa. Launinsa na duba, ban tambayi komai ba. Na dawo gida na gwada, furosesa ta ƙi zama a gurbinta. Akwai 'yan tsage a gefenta, ba su yi daidai da haƙoran gurbin ba.

Yaya ya dawo daga warsha, garejinsu, ya tarar da ni na yi tagumi. Ya ɗaga ta, ya kanne ido ɗaya.

"Kuskuren kamfani ne," in ji shi. "Miƙo min magagari."

"Yaya, an ce ba a taɓa ta da ƙarfi."

"Su waye suka ce? Sun taɓa kwance giya?"

Ya goge mata sabuwar tsaga, ya hure ƙurar, ya ɗora ta, ya danna da babban yatsa. Na ji wani ɗan ƙas. Ya ce alamar ta zauna ke nan. Muka jona wuta, fanka ta juya kaɗan ta tsaya. Ya kara kunne kamar mai sauraron inji, ya ce sabon kaya sai ya saba, a bar ta ta huta.

Da ta huta ba ta tashi ba, muka ɗauke ta a raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa wurin mai shagon da na sayo madabod. Mutumin ya ciro furosesar, ya duba gurbin. Siraran alluran ciki duk sun kwanta kamar dawar da iska ta bi ta kanta.

"Ya zol, bawan Allah, wa ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Yaya, yana gyara tsayuwa.

Mai shagon ya ce furosesar da madabod ɗin zamaninsu ba ɗaya ba ne, an yi tsagar ne don kada mutum ya haɗa su. Yaya ya ce wannan lalaci ne irin na masu ƙira.

Sati bai zagayo ba ya sayo min sababbi, waɗanda mai shagon ya zaɓa ya kuma haɗa da hannunsa. Ya ajiye kwalin a ƙofar ɗakina. Amma a warsha labarin daban ne. Wani abokin aikinsa ya tare ni a hanya yana taya ni murna, wai ya ji Turawa sun kasa, usta ya shigar da furosesar.