Ƙafafu Shida: Godiya ga Noelene Viney

Ƙarfe takwas da rabi Noelene Viney take buɗe shagon kyamarorinta a garin Wynyard, kuma kafin ta ɗora shayi sai ta bi bakin taga tana tsintar matattun ƙudaje tana zubawa a gidan ashana. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana haka. Duk wanda ya zo sayen gilashin kyamara na makro, wato mai ɗaukar hoton ƙananan abubuwa, ba ya fita da shi sai ya ɗaura a kyamararsa ya ɗauki ƙuda ɗaya a kan teburinta, ita kuma tana tsaye tana kallon yadda hannunsa ke rawa. Tambayarta ba ta canzawa: "Me za ka ɗauka? Yana gudu? Yana cizo?"

Mutane sun sha fita a fusace, su kuma dawo. Wani mai tara tsofaffin kan sarki ya zo sayen mafi tsada a shagon, ta ce masa kan sarki ba ya tashi sama, ta miƙa masa ɗan gajere mai milimita sittin. Ma'aikaciyar jinyar da ke zagaya ƙauyukanmu har yau da gilashin da Noelene ta zaɓa mata take ɗaukar tabon rana a kunnuwan manoma tana aika wa likita. Amma ni abin da ya faru a kaina zan faɗa.

Sunana Des Radford, kiwon zuma nake yi, akwati ɗari biyu. A watan Janairun shekara uku da suka wuce, saura kwana biyu in kwashe su zuwa dajin yamma don furen bishiyar ledawud, na buɗe wani akwati na ga ɗigo uku ja a bayan sarauniyar zuman. Na kira jami'ar cututtukan zuma kamar yadda doka ta ce, wata yarinya mai kirki, Kerrin. Ta duba ta sake dubawa, ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Idan ƙwarƙwatar zuma ce, mai ƙafa shida, mun daɗe muna zaune da ita, satar abinci kawai take yi. Idan kuwa kaskar nan ce mai ƙafa takwas da ta gama da zumar mutane a ƙetare, to akwatunana wuta za su sha, da na duk maƙwabtana. Ta hana a fitar da ko ƙudan zuma ɗaya daga filin. Masanin da zai yanke hukunci yana birnin Hobart, hoto yake jira, wayoyinmu kuma ɗigo kawai suke nunawa kamar na barkono.

Na ɗauki tsohuwar kyamarar da 'yata ta bari na nufi shagon. Ko gaisuwa ban yi ba, na nuna gilashin da ke kusa da hannuna.

"Ba ni wancan, tsohuwa, sauri nake."

"Wa kake ce wa tsohuwa, kai da gwiwarka ke ƙara tun daga bakin ƙofa? Me za ka ɗauka?"

Na gaya mata. Ta daina murmushi.

"Wannan gajeren ba naka ba ne, Des. Sai ka kusa sumbatar sarauniyar kafin ta fito a hoto, inuwarka ta rufe ta, 'ya'yanta kuma su kumbura maka hanci. Dogon can kuwa nauyi gare shi, hannunka ba zai riƙe ba, ga shi yana karkarwa kamar na mai zazzaɓi." Ta ɗauko mai milimita ɗari. "Wannan zai bar tazara tsakaninku, haske ya shiga. Kuma makro ne na gaske, ba irin wanda ake rubuta wa suna a jiki kawai ba. Girman ƙwaro a waje, shi ne girmansa a cikin kyamara."

"To ba ni."

"In ba ka ka je ka ɗauko min hoton babban yatsanka? Matsa, ɗauko min jakar nan."

Ranar Asabar ce, ranar cinikinta, ta kulle shago ta shiga motata.

Noelene, ke ce kika durƙusa a ciyawa da hular raga da ta yi miki yawa, kina da shekara sittin da biyar. Kika sa Kerrin ta riƙe farar takarda don haske ya dawo ƙarƙashin sarauniya, kika sa ni riƙe allon saƙar zuman, kina min faɗa in daina numfashi kamar saniya. Zuma ta harbe ki a wuyan hannu, na ga wurin yana tashi, ba ki ko ɗaga kai ba. Hoto wajen sittin kika ɗauka kina cewa bai yi ba. Sai kika tsaya, kika faɗaɗa ɗaya a bayan kyamara, kika miƙo min.

"Ƙirga da kanka. Ai ka yi makaranta, ko?"

Ga dabbar nan zaune ɓaro-ɓaro, har gashin jikinta. Na ƙirga. Shida. Na sake ƙirgawa daga ɗayan gefen, shida. Kerrin ta aika wa masanin, kafin shayinmu ya huce ya bugo waya ya ce ƙwarƙwata ce, a kwashe akwatuna a tafi daji. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Litinin motoci shida na masu zuma suka bi hanyar yamma a jere, muna ta danna wa juna oda.

Ƙarshen wannan watan da muke ciki Noelene za ta rufe shagon gaba ɗaya, idonta ya fara gajiya. Ku masu sayarwa da ke tasowa, ku je ku tsaya kusa da ita kafin ranar, ku ga yadda ake tambayar mutum buƙatarsa kafin a miƙa masa kaya.

Na gode, Noelene mai ido. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. A safiyar nan, kafin in zo wurinki, na riga na sa tarakta na haƙa ramin da za a ƙona akwatunan a bayan gida, don kada wani ya haƙa min. Dankalin da nake kawo miki kowace kaka, a cikinsa nake shuka shi.