Dakta Zuleide da kwamfutar da na goge

Ranar Talata, ashirin da uku ga Satumba, da hantsi, labari ya iso ofishinmu cewa Allah ya yi wa Dakta Zuleide Paranhos rasuwa a asibiti, nan garinmu Uberaba. Ina riƙe da kofin gahawa aka faɗa mini. Na san na ajiye shi, amma har yau ban tuna inda na ajiye ba.

Dakta, shekara goma sha ɗaya muna aiki a kamfani ɗaya, inda ake tara maniyyin bijimai ana ɗura wa shanu. Ke likitar dabbobi, ni mai kula da kwamfutoci. Tambaya ɗaya ta cinye miki rayuwa: idan aka gauraya maniyyin bijimai biyu aka ɗura wa saniya guda, na wa ke riga isa, kuma don me? Kin sha zaunar da ni kina bayani, ina gyaɗa kai kamar na gane. Wallahi ko rabi ban taɓa ganewa ba.

Abin da na gane shi ne halinki. Lokacin da mahaifiyata ta karye a ƙugu, ke kika ɗauke ta a motarki mai warin garke, kika zauna da ita har aka gama ɗori. Duk Juma'a kina zuwa da burodin cuku mai zafi, ki tsallake teburin manaja ki fara da masu wanke barga. In ya yi ƙorafi ki ce, “Kai ai ka karya a gida.”

Faɗanmu ɗaya ne. Kamfani ya yanke shawarar mayar da duk kwamfutocinsa kan Linux, babbar manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya dubawa ya gyara. Ni na kawo shawarar, ni aka ɗora wa aikin. Kowa ya miƙa tasa, ke kika rungume tsohuwarki.

“Gervásio, sarkin kayan banza,” kika ce, “je ka yi wa'azinka a gaba. Wannan 'yar tsohuwa ta fi ka riƙe sirri.”

Na ɗauka taurin kai ne kawai. Da kika kwanta asibiti a watan Agusta, manaja ya ce a ƙarasa aikin. Na duba rumbun ajiyar bayanai na kamfani, na ga takardunki jibge, na ce ai komai na nan. Na goge tsohuwar kwamfutarki tas, na sa sabuwar manhaja, har ina murna za ki dawo ki tarar tana gudu.

Bayan kwana uku na je duba ki. Kika kama hannuna kika ce shanu ɗari biyu da kika ɗura wa a Disamba sun kusa haihuwa. Kika ce jadawalin da ke nuna yawan maniyyin kowane bijimi a cikin abin da kowace saniya ta samu, da gangan kika ƙi sa shi a rumbu, don kada ma'aikata su gani su karkata sakamako. Yana cikin tsohuwar kaɗai.

“Tana nan lafiya ko?”

Na ce tana nan.

Kika dube ni har na rasa inda zan sa idona, sannan kika yi murmushi kika ce, “Kai dai ba ka iya komai ba sai kwamfuta.” Me kike nufi, Dakta? Kin gane ne kika yafe? Ko tsokanarki ce ta kullum? Sau nawa na juya maganar nan, kullum sai ta ba ni wata fuska. Na gwada duk dabarar da na sani don in dawo da jadawalin, na kai wa waɗanda suka fi ni, babu ko layi ɗaya.

Yanzu maruƙa sun fara faɗowa, jiya ma bakwai. Gwajin jini zai nuna uban kowanne. Amma in ba a san yadda kika gauraya ba, ba wanda zai iya cewa wani bijimi ya yi nasara ne ko kuwa nasa aka fi zubawa. Ina tsayawa bakin shinge ina kallonsu suna tangaɗi, lafiyayyu, kyawawa, na kasa sanin ko murna zan yi ko kuka. Kunya ta ishe ni, kewarki kuma ta fi kunyar.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutu a wurin da ba ciwo. Ya ba 'ya'yanki Iracema da Otávio haƙurin rashinki.

Kai kuma baba Aristides, mijinta, Allah ya sanyaya maka zuciya. A maƙabarta ka riƙe kafaɗata ka ce, “Ɗana, aikinta dai bai mutu ba, ko?” Na gyaɗa maka kai. Ka gafarce ni, baba. Ƙarya na yi maka, kamar yadda na yi mata.