Yawun Mai Gyaran Jita

Mai gyaran jita yana zaune a kan wata matacciyar lasifika, tumbinsa ya ɓalle maɓallin riga, yana sakace haƙori da guntun tsirkiya. Matar da ta kawo tsohuwar jitar marigayi mahaifinta tana tsaye, ƙyama ta hana ta zama. A ganinta mutumin nan ya taɓa kiɗa har aka tafa masa, don yatsunsa dogaye ne, sai dai yanzu maiƙo da baƙin farce sun cinye su.

"Baba, so nake in san wanda ya ƙera ta," ta ce. "Akwai 'yar takarda manne a ciki."

Ya leƙa ramin jitar, har da gyatsa. Rubutun ya dushe. Sai ya lashi babban yatsa, ya zura, ya murza, yadda yake yi wa kowane datti. Da ya zaro, takardar ta dunƙule a yatsan kamar tasono.

"Ba ta da suna, 'yata," ya ce, yana gogewa a wando.

Ta bi wandon da kallo. Can sunan yake yanzu, kusa da tabon miya.