Akwati, Akwati, Akwati

Shekarun baya, ina sabon shiga harkar gina shafukan intanet, wata makaranta a Gwallameji ta ba ni aikin fom ɗin neman koyarwa. A lokacin da tebur, wato jadawali mai layi-layi, nake jera komai: tambayoyi a layin sama, akwatunan amsa a layin ƙasa. Abin ya fito tsaf, kamar kunyoyin gona a Zungur. Sai in jingina da kujera in yi ta kallonsa, ina hango kaina a wani katafaren ofis mai sanyi, ana ta kirana injiniya.

Ina da wani aboki a Ƙofar Wambai, makaho ne, amma ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Wayarsa ce ke karanta masa abin da ke kan shafi. Ya daɗe yana burin koyarwa, ya kuma rantse wannan karon da hannunsa zai cike fom. Saura kwana biyu a rufe, sai ga shi a shagona da la'asar.

Ya ce, "Injiniya, zo ka saurari aikinka."

Wayar ta fara: "Suna. Unguwa. Lambar waya. Akwati. Akwati. Akwati."

"To, wanne ne akwatin sunana?"

Wallahi kunya ta kama ni. Na ce, "Kawo in cike maka mana."

"A'a. Tun ina yaro cike mini ake yi. Kai dai gyara."

Washegari na rushe teburin nan kaf. Na haɗa kowace tambaya da akwatinta, jerawar kuma na bar wa CSS, wato fayil ɗin da ke tsara kamannin shafi. A ido ba abin da ya canja, har na ɗan ji haushin wahalata.

Ya dawo ana yayyafi, ƙanshin ƙasa ya cika shagon. Wayar ta ce, "Suna, akwati." Ya rubuta. "Unguwa, akwati." Ya rubuta, a hankali, ba gaggawa. Ni kuwa na naɗe hannuwana don kada su yi mini karambani. Da ya tura, sai ya ce, "Ashe haka ake ji."

Har yau maganar nan tana taɓa mini zuciya. Shi ya sa duk fom ɗin da na gama, kafin in yaba wa kaina, sai na rufe ido na sa waya ta karanta mini shi.