Na Kai Mahaifar Inna Abuja

Gombe

Ana kiran assalatu na fito daga gidanmu a Kagarawal, mai keke ya sauke ni a tasha. Abin da na ɗauko bai fi kwalin ashana ba. Ɗan yanki ne na mahaifar Inna da aka cire saboda ciwon daji, an daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, an sa a ɗan kwali. Likitarta ta ce a Abuja za a duba ƙwayoyin halittar ciwon, a ga waɗanda ke aiki da waɗanda suka yi shiru, ta nan ake gane mai son dawowa da mai lafawa. In mai lafawa ne, Inna ta huta. In ba haka ba, sai gashin na'ura da ƙarin ruwan magani, abin da ta rantse ba za ta yi a kan zato ba. Gargaɗi ɗaya likita ta yi mini: kada zafi ya taɓa shi.

Baba kuwa cewa ya yi jikin ɗan Adam ba ya tafiya tsirara. Ya yanki farin ƙyalle daga likkafanin da ya ajiye wa kansa, ya naɗe kwalin, ya ɗaure sama da ƙasa. Na yi dariya na ƙyale shi.

"Hajiya, kawo jakar nan a sa a but," in ji direba.

"Malam, wannan ai fasinja ce. A cinyata za ta zauna."

Bauchi

Mun wuce Alƙaleri rana na fitowa, muka karya da masa a Bauchi. Gaba kaɗan, a hanyar Toro, aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i ya zazzage jakata, ƙunshin Baba ya faɗo a hannunsa, fari tas kamar 'yar gawa.

"Mene ne wannan?"

Ni ban iya kwana-kwana ba. "Naman mutum ne, yallaɓai. Na mahaifiyata."

Motar ta ɗauki salati, matar da muka ci masa tare ta ja zanenta gefe. Jami'in ya ɗora ƙunshin a kan murfin injin, wurin da ko ƙwai zai soyu, ya tafi kiran ogansa. Nan take na diro daga mota.

"Yallaɓai, ni ka tsare ni har gobe in ka so. Amma ka ɗauke uwata daga rana, narkewa za ta yi!"

Ogan dattijo ne. Ya ɗauke ƙunshin zuwa inuwa tukuna, sannan ya kwance, ya ga kakin da hatimin asibiti, ya saurari bayanina har ƙarshe. Kakin ya ɗan yi ɗumi amma bai saki ba. Da hannu biyu ya mayar da ɗaurin yadda Baba ya yi, ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Amma 'yata, a shinge na gaba ki fara da cewa daga asibiti kike."

Abuja

Sanyin Jos ya kwantar mini da hankali. Muka gangara Akwanga, muka bi ta Keffi, na sauka a Mararaba wurin Rifkatu, ƙawata tun sakandare, 'yar Kaltungo. Ta yi mini gwate, ta yi ta yi mini tsiya wai saura ƙiris ta gan ni a labarai. Da safe na miƙa kwalin a ɗakin gwajin. Ma'aikaciyar ta duba ta ce lafiyarsa ƙalau, ta miƙo mini ƙyallen, na kamo hanya.

Gida

Sakamako ya ɗauki makonni, kuma ya zo yadda muke fata: mai lafawa ne, ba buƙatar gashi, sai dai a riƙa kai ta ana dubawa. Na gode wa Allah, na gode wa likita da Rifkatu da dattijon da ban san sunansa ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai tambayar da Inna ta yi ce ranar da na dawo, tana juya ƙyallen a hannu.

"A ina kika ajiye mahaifar tawa cikin motar?"

"A cinyata, Inna."

Ta ce, "To, kin rama mata. Ita ma ba ta taɓa ajiye ki ba."