Gyaɗar da Ta Ƙi Rabuwa

A gidanmu na Samaru, farkon shekarun dubu biyu, Kaka Ladi ba ta yin tatsuniya kyauta. Da an ci tuwo za ta zauna bakin murhu, ta juye mana buhun gyaɗa mai tsayin tankin ruwan jami'a, ta ce, "Hannu na ɓara, kunne na ji." Ladan wanda ya warware tatsuniya kuwa ƙanzon tukunya ne, ni kuma a lokacin zan iya sayar da ƙanena Iliya saboda ƙanzo.

"Ga ta nan ta taho da ƙafarta," in ji ta. Wai wata tsohuwa a Bomo ta bar wa jikokinta ƙwayar gyaɗa dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya, ta ce a raba daidai. Aka kasa biyu, ɗaya ta yi saura. Aka kasa uku, ɗaya ta yi saura. Aka kira maƙwabta har aka kai kashi goma, kullum ɗayar nan tana gefe tana kallonsu. "To, ku masu boko, kashi nawa za a yi?"

Muka duƙufa ɓara, domin sai mun tara adadin kafin mu gwada. Mako uku ina kasa gyaɗa a tabarma har yatsuna suka daina gane juna. Na gwada goma sha ɗaya, wannan karon biyu suka yi saura. Kaina ya kulle. Na ce Iliya ne ke cinyewa, muka dambace.

"Kaka, lissafin nan ya lalace."

"Kai ne ka lalace, mijin banza. Ƙaro buhu."

Ƙanzo dai ita ta riƙa jiƙa abinta tana ci a gabanmu.

Sai da na yi gemu na kai maganar wurin Malam Bitrus, mai koyar da lissafi a Sabon Gari. Ya cika takarda biyu, ya cire tabarau, ya ce wannan lambar ba ta rabuwa daidai sai gida ɗaya ko gidan kanta. In ka cire ɗaya kuwa, daga biyu har goma duk suna raba ta. Ya ce, "Wace jami'a kakarka ta yi?" Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa!

Na same ta a tabarma, ta tsufa tukuf, na ce ta biya ni ƙanzona, ta yaudare mu. Ta yi dariya har da tari.

"Wa ya ce ka raba duka? Ɗayar ai iri ce, ta shuka. Shekara ashirin ba wanda ya tambaye ni amfaninta."

Har yau ban san inda ta samo lambar ba, ban kuma san ko lissafi ta koya mana ko noma ba. Buhu bakwai dai mun ɓare mata.