Dakta Habu da gidan da aka hana a taɓa

Shekara tara ke nan da rasuwar Dakta Habu, kuma in ana neman wawan labarin nan ba sai an je nesa ba, ga ni.

Shi Bazazzagi ne, ya zo Birmingham karatun gine-gine. Ni Bakano ne, aji huɗu na yi a firamare na ga ilimin ya ishe ni, nake jigilar kaya da mota a unguwar Cheetham Hill ta Manchester. Motar ce ta haɗa mu. Wata Asabar ya ce in kai shi wani ƙaramin gari a Wales, akwai gidan da yake rubutu a kansa.

Na ɗauka fada za mu gani. Sai ga gida a bakin titi, hawa uku, fuskarsa jan bulo, tagogi a jere, rufinsa allunan dutse. Muna shiga, ashe fuskar ƙarya ce. Ciki baƙaƙen katakai ne, sun girmi fuskar nesa ba kusa ba. Habu ya ce wani attajirin ulu ne ya yi kuɗi, ya sa wa tsohon gida sabuwar riga don maƙwabta. Na ce ashe su ma suna da Alhazai. Matakalar a karkace take. Taga ɗaya an toshe ta tun zamanin da ake karɓar haraji a kan tagogi. Kuma hukuma ta sa gidan cikin jerin waɗanda ba a sauya musu ko ƙofa sai da izinin kansul, wato majalisar garin.

Tsohuwar da ke ciki ta ba mu shayi. Ni kuma, don kyautatawa, na ce mata da guntun Turancina na san wani a Manchester mai sa tagogin roba da araha, zai iya shafe bangon da siminti ma. Habu ya taka min ƙafa, har yau yatsan bai yafe masa ba. A hanya ya ce da farar ƙasa ake shafe bangon nan don ya yi numfashi, kamar yadda makuba take a ginin ƙasa. Na ce bango mai numfashi sai a Zariya.

Yanzu ga ni ba barci. Ƙanina Sabo ya bugo daga Kano sau huɗu a watan nan. Za su rushe zauren gidanmu, mai azara da zankwaye, wanda kakanmu ya gina, su yi shaguna. Kowa ya yarda, saura ni. In ina tuƙi sai in riƙa tambayar kaina, da Habu na nan me zai ce? Ya taɓa roƙona in ya je gida in bar shi ya auna zauren, ya zana shi. Na yi ta cewa baɗi. Abin da ya bar min ke nan: ido. Ba na iya wuce tsohon bango ban tsaya ba, ni da na rayu ina ganin duk abin da ya tsufa kayan juji ne.

Ranar Lahadi na je gidan Habu a unguwar Small Heath ta Birmingham, addu'ar shekara. Bayan an watse na gyara zama, na ce wa matarsa, "Maman Usman, ki shaida. Na ƙi sa hannu. Daga yau zaurenmu yana ƙarƙashin doka irin ta Wales, ni ne kansul ɗin."

Tana tattara kofuna, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Alhaji, damina nawa rabonka da ka zauna a cikinsa? Su Sabo ne ke tarar ruwan yoyo da bokiti, kai kana nan kana kafa doka. In kana son zauren, je ka ka hau ka yi masa yaɓe."